Buɗe kunnen kifin kafin ka tafi farmasi

Ka ce ƴaƴan tarwaɗan da ke kwami na uku sun taru a bakin tiyo suna haki. Ka kuma gani a waya cewa masu kiwon kifin salmon a Turai suna binciken ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a kunnen kifi, shi ne kake tambaya ko ka sayo kafso, maganin kashe bakteriya, ka zuba ka kashe su tun ba su yi ɓarna ba. Mayar da kuɗin nan aljihu, yaro. Duk wanda ya ƙara zuba kafso a ruwan gidan nan ba da sanina ba, ranar zai naɗe tabarmarsa.

Yaran yanzu kun iya kallon waya, kallon kifi ne ya gagare ku. Ka ɗaga murfin kunnen ko da guda ɗaya kafin ka zo wurina? Lafiyayyen kunne ja ne jawur, zaruruwansa a rarrabe, da ɗan yauƙi kaɗan. In ka ga sun kumbura sun manne da juna, yauƙi ya yi yawa, ruwa ne yake ƙona su. In jan ya koma ruwan ƙasa, jinin ne ya sha guba. In kuwa ka ga fari-fari ko rawaya, gefen zaruruwan kamar an gaigaye, to wannan ita ce cutar da ta taɓa cinye min dukiya.

Wani Alhaji ne mai shago, ba zan kama sunansa ba. Ya gina kwamai a gonarsa ta bakin kogi wajen Saga, ya zo da motarsa ya ɗauki ƴaƴan kifi bashi, kuɗin ya haura jika 300. Na ce masa simintin sabo ne, ya jiƙa shi ya zubar da ruwan sau da yawa tukuna. Na ce kada ya cika su da yawa, ga watan Afrilu, zafin Yamai ya wuce 40. Ya ce ai shi ɗan kasuwa ne, ya san lissafi. Ya cusa su a kwami biyu, yaransa suna watsa abinci kamar sadaka, sauran yana ruɓewa a ƙasa. Da suka fara mutuwa sai ya yi ta fasa kafso yana zubawa. Ina Tahoua wajen gaisuwar rasuwa ya kwaso waɗanda suka rage a jarkoki, ya kawo nan da magariba, ya ce wa yaron da ke aiki kafin kai, ni na sayar masa da marasa lafiya, a karɓi abina. Yaron ya ga babbar riga, ya ji tsoro, ya juye su a kwamin raino, har da ruwan jarkokin. Kwamaina kuwa duk matatar ruwa ɗaya suke sha, wato wurin da ruwansu ke bi a tace shi.

Bai tsaya nan ba. Alhajin ya bar masa ragowar maganin, wai ya zuba don kada su harbi nawa. Yaron ya zuba. Da gari ya waye ya ga ruwa ya yi duhu, sai ya ciro duwatsun matatar da ragar da ke ciki ya wanke su tas da jabel, ruwan bilicin nan, yana ganin ya yi min gwaninta.

Na dawo na tarar da kifi suna juyawa ciki sama. Na buɗe kunnen wani, rabi ruwan ƙasa, rabi a ruɓe. Likitan dabbobin da ya duba min da madubin awo ya ce wata bakteriya ce mai suna Flavobacterium, mai son ruwan ɗumi da cunkoso. Da ita kaɗai ce da na ci ƙarfinta. Abin da ya gama da ni matatar da aka kashe ne. Har iyayen da na yi shekaru ina zaɓa, waɗanda nake matsar ƙwai daga cikinsu, sun tafi. Alhajin bai biya ko dala ba. Ya bi masu saye yana cewa kifina na da cuta. Aka kai magana gaban manya, aka ce in yi haƙuri, dukiya ta Allah ce. Na yi shiru don girman masu maganar, amma har gobe in motarsa ta wuce sai na ji abin a maƙogwaro.

To saurara, don ba zan maimaita ba. Kifi ta kunne yake shaƙar iska, ta nan kuma yake fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi. Santsin nan mai ruwan ƙasa da kake gani a jikin duwatsun matata, wanda kuke cewa datti, bakteriya ne masu yi mana aiki. Wasu suna mayar da amoniya ta zama nitirit, wasu su mayar da nitirit ta zama nitirat mai sauƙin illa. Sabuwar matata sai ta yi mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Ka taɓa ganin Bafulatana ta kashe irin nononta sannan ta zauna jiran kindirmo? Kafso bai san mai amfani da mai cuta ba, jabel balle. In suka mutu nitirit ta taru, ta shiga jini ta kunne, jinin ya kasa ɗaukar iska. A yauƙin kunnen ma akwai nasu mazauna da suka tare wuri, in ka share su mai cuta ce za ta fara samun masauki.

Turawan da ka gani abin da suke bi ke nan. Ƙasar Norwe tana fitar da salmon fiye da tan miliyan 1 a shekara. A ruwan daɗi suke ƙyanƙyashe shi, su raine shi a tankuna, kafin su kai shi keji cikin teku, kuma duk da kuɗinsu ciwon kunne yana cikin manyan abubuwan da ke kashe musu kifi. A gidajen ƙyanƙyasarsu ma ciwon bakteriya na kunne cunkoso da lalacewar ruwa yake bi. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira amiba da ke kama kunnen salmon a teku, maganinta sananne shi ne a tsoma kifin a ruwan daɗi na ƴan awoyi. Masu jiragen ruwa da ɗakunan bincike da ruwa suke magani, kai mai bokiti biyu ka tashi sai farmasi.

Kada kuma ka ce min tarwaɗa tana shaƙar iskar sama. Babba ke nan. Ɗan da bai yi ƴan makonni ba gaɓar shaƙar iskar saman ba ta fito masa ba, da kunne kaɗai yake rayuwa. Ga shi ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na iskar oksijin a lita, in ya kai 30 ya sauko wajen 7.5, ƙasa da haka ma in datti yana ci. Jiya da rana wuta ta ɗauke, ina ganinka a gindin bedi kana danna waya, injin iska a kashe.

Yau kada ka ba kwami na uku abinci. Rage kashi ɗaya cikin uku na ruwan ta ƙasa, ka cika da na tankin da ya kwana, ba na famfo kai tsaye ba, sinadarin da ke cikinsa ƙona kunne yake. Sa gishiri giram 1 zuwa 2 a kowace lita, yana tare nitirit daga shiga jini. Gishiri na ce, ba kanwa ba, kanwa ƙara wa amoniya dafi take. Raba su kwami biyu, komar da ta taɓa su kada ta shiga wani ruwa. Sannan ka kawo min guda biyar a roba, masu rai, ka buɗe kunnensu a gabana ka gaya min abin da ka gani.