Amsa ga mai tambaya kan kwana goma a biranen Sifaniya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kai da maiɗakinka kuna da hutun kwana goma, kuna son ganin Madrid, Barsalona, Sabiya, Ƙurɗuba, Garnaɗa da Balensiya, kana tambaya ko lokacin zai isa, da kuma yadda za ku yi da abinci da salla.

Birane shida sun yi wa kwana goma yawa. Duk ranar da kuka sauya gari, rabin yini ya tafi tsakanin haɗa kaya, zuwa tasha da jiran a ba ku ɗaki, domin yawancin otal-otal ba sa bayar da makulli sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana. Ku ajiye Balensiya sai wani jiƙon. Ku sauka a Madrid ku kwana biyu, Ƙurɗuba ɗaya, Sabiya biyu, Garnaɗa biyu, Barsalona biyu, sannan ku tashi gida daga can. Wato tun wajen sayen tikitin jirgin sama ka nemi mai sauka a Madrid ya kuma taso daga Barsalona, kada ka ɓata yini guda wajen komawa inda ka fara. A tikiti da allon tasha za ka ga an rubuta Córdoba, Sevilla da Granada, wato Ƙurɗuba, Sabiya da Garnaɗa.

Amma kafin ka biya kuɗin otal ko ɗaya, fara da tikitin Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi ta Garnaɗa, sauran tafiyar a jikinsa za ka tsara ta. Nan ne mutane suka fi yin asara. Adadin waɗanda ake bari su shiga a rana ƙayyadadde ne, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba tikiti kan ƙare tun da sauran makonni. Ka saya a shafin hukumar da ke kula da wurin, Patronato de la Alhambra y Generalife. Akwai shafukan 'yan kamasho masu kama da shi da ke ninka farashi. Tikitin da sunan mutum da lambar fasfonsa ake yankarsa, don haka ranar shiga fasfon kansa za ku riƙe, ba hotonsa a waya ba. Ka duba da kyau cewa wanda ka saya ya haɗa da Palacios Nazaríes, wato fadojin sarakunan Banu Nasr, domin akwai mai rahusa na lambuna da ganuwa kawai, kuma wanda ya saye shi bai ga Alhambra ba. Lokacin da ke rubuce a jikin tikiti na shiga waɗannan fadojin ne. In ya wuce, ya wuce. Ba magiya, ba mayar da kuɗi. Daga babbar ƙofa zuwa bakin fadojin tafiyar kusan minti 15 ce a ƙasa, sai ka lissafa da ita. Ba a shiga da babbar jakar goyo ko keken jarirai. Ku ware awa uku zuwa huɗu, ku hau tudun da ƙaramar bas mai lamba C30 ko C32 daga tsakiyar gari, ku adana ƙafafunku don cikin fadar.

Wahalar ta cancanta. Muhammadu ɗan Ahmar ne ya fara gina wurin a 1238, kuma shi ne mazaunin daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus har ta faɗi ranar 2 ga Janairu 1492. Wanda ya yi karatun allo zai mori bangon fiye da sauran baƙi, don yana iya karanta abin da suke ɗauka ado ne kawai: "Wa la galiba illallah", taken gidan sarautar, an sassaƙa shi ko'ina, ga ayoyi ga baitocin waƙa. Ka tsaya a farfajiyar zakuna goma sha biyu ka lura da yadda ruwa ke bin ƙananan magudanai huɗu zuwa cikin ɗakuna. Duk ruwan nan daga kogin Darro aka jawo shi ta gangara, babu inji. Da yamma ku haura unguwar Albaisin zuwa dandalin San Nicolás, inda ake hangen fadar gaba ɗaya da duwatsun Siyera Nebada a bayanta. A gefen dandalin akwai babban masallacin Garnaɗa da aka buɗe a 2003. Daga lambunsa ma ana ganin abin da ake gani a dandalin, kuma babu cunkoso. Daga wannan garin ne Abu Ishaƙ Assahili ya fito, mawaƙin da ya bi Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324, ya rasu a Tumbutu.

Ƙurɗuba, garin Alƙurɗubi mai tafsiri, mutane da yawa kan tsaya awa uku su wuce. Ku kwana. Abdurrahman na Ɗaya ya fara gina babban masallacin wajen 785, magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har ginshiƙansa da suka rage yau sun haura 850, da bakuna hawa biyu masu ratsin ja da fari. Mihirabin da Alhakam na Biyu ya yi a ƙarni na 10 shi ne abin da ya fi komai kyau a ginin. To amma ka shirya zuciyarka: tun 1236 wurin coci ne, a ƙarni na 16 aka gina babban ɗakin ibadar Kirista a tsakiyarsa, kuma an hana yin salla a ciki. Masu gadi na lura, wanda ya tayar da kabbara za su tsayar da shi. Abin da ciwo, amma gara ka sani tun daga gida, ka yi sallarka kafin ka shiga. Amfanin kwana shi ne daga Litinin zuwa Asabar ana buɗewa kyauta daga 8:30 zuwa 9:30 na safe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Ka tabbatar a shafinsu tun da dare, don bukukuwan coci kan sauya tsarin. Bayan nan sai Madinatuz Zahra, kilomita 8 yamma da gari, birnin da Halifa Abdurrahman na Uku ya fara a 936. Kufai ne, inuwa kaɗan ce, ranar Litinin kuma a rufe yake.

A Sabiya abu uku ne: hasumiyar Giralda, fadar Alcázar da dandalin Plaza de España. Giralda hasumiyar masallacin daular Almuwahhiduna ce, an gama ta a 1198, daga baya aka ɗora mata ɗakin ƙararrawa. Hawanta ba matakala ba ne, gangara ce mai zagayawa, don haka ko mai ciwon gwiwa na iya lallaɓawa. Alcázar kuwa kada ta ruɗe ka: ɓangarenta mafi ado Sarki Pedro, Kirista, ya sa aka gina a 1364, da hannun magina Musulmi. Ita ma sai da tikitin lokaci. Plaza de España kyauta ce, an gina ta ne don baje kolin 1929, ku je da la'asar sakaliya. A bakin manyan coci-coci na nan da Garnaɗa za ku ga mata suna miƙo reshen ganye kamar kyauta. Da zarar ka karɓa sai a kama hannunka a duba tafi a nemi kuɗi. Ka ce "no, gracias" ka wuce.

Kada ka ce kai ɗan ƙasar zafi ne. A Yuli da Agusta Sabiya da Ƙurɗuba na haura digiri 40, kuma bambancin shi ne a gida ba ka yini kana yawo a rana bisa duwatsu. Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi, sai dai ka kauce wa makon Ista da bikin Feria na Sabiya da ke biyo bayansa, lokacin kuɗin ɗaki na tashi sosai.

Madrid ba ta buƙatar dogon bayani. Fadar sarki, Plaza Mayor, Puerta del Sol da lambun Retiro duk ana haɗa su a yini ɗaya a ƙasa. Kusa da cocin Almudena akwai ragowar ganuwar da Sarki Muhammadu na Ɗaya na Ƙurɗuba ya gina a ƙarni na 9, asalin garin ke nan. Gidan zane-zane na Prado kyauta ne a awa biyun ƙarshe na yini, amma layi na da tsawo, kuma ka san cewa zanen tsiraici na da yawa a ciki, sai ku yanke shawara ku biyu. Mai son ƙwallo ya sayi tikitin zagaya filin wasan Bernabéu na Real Madrid ta intanet. In da hali, Toledo rabin awa ce a jirgin ƙasa, akwai ƙaramin masallacin Babul Mardum na shekarar 999.

Tsakanin biranen nan jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa ne abin hawa. Daga tashar Atocha ta Madrid zuwa Ƙurɗuba ƙasa da awa biyu, daga can zuwa Sabiya kamar minti 45, Sabiya zuwa Garnaɗa wajen awa biyu da rabi zuwa uku. Garnaɗa zuwa Barsalona kuwa jirgin ƙasa na cin fiye da awa shida, gara jirgin sama, awa ɗaya da rabi. Kamfanoni uku ne, Renfe, Iryo da Ouigo, farashi na hawa yadda ranar ke matsowa. Tikiti mafi araha sau da yawa ƙaramar jaka kawai ya ƙunsa, babban akwati sai an ƙara kuɗi, kuma biya a tasha ya fi tsada. Ana bi da kaya ta na'urar bincike, ana rufe ƙofa 'yan mintuna kafin tashi. Ku isa da rabin awa.

Abinci shi ne inda ake buƙatar ido. Naman alade a Sifaniya ba a farantinsa kaɗai yake zuwa ba, ana barbaɗa shi ne cikin abin da ba ka zato. Kalmomin da za ka haddace: cerdo, wato alade, sai jamón, chorizo, lomo da panceta, duk nau'o'in namansa, da kuma manteca, wato kitsen alade da ake sawa a wasu kayan fulawa irin su ensaimada da mantecados. Miyar salmorejo ta Ƙurɗuba tumatir ce da burodi, amma ana yayyafa mata jamón a sama. Croquetas, wasu soyayyun curi, galibi da jamón ake yi, romon wake ma da chorizo. Ka ce "sin cerdo, sin jamón", wato ban da alade, ban da jamón, ka ambaci duka biyun, domin wasu masu kai abinci ba sa lissafa jamón cikin nama. Abin da ya fi kwanciyar hankali: tortilla de patatas, wato wainar ƙwai da dankalin Turawa, soyayyen kifi, gazpacho, wato miyar tumatir mai sanyi, da shinkafar paella ta kayan teku. A Garnaɗa ana kawo ɗan abin taɓawa kyauta tare da lemo, ka tambayi mene ne kafin ka kai baki. Naman halal na nan a unguwar Lavapiés ta Madrid, inda akwai gidajen abincin 'yan Senegal da za ku samu shinkafa da miya irin ta gida, da titin Calderería Nueva a Garnaɗa, da unguwar Raval a Barsalona. Abincin rana daga ƙarfe 2 ne, na dare sai 8:30 ko 9, tsakaninsu kicin da yawa a rufe.

Salla kuwa, tunda babu garin da za ku yi niyyar zaman kwana huɗu, kasaru za ku yi ta yi. Da bazararsu rana na kai wa kusan ƙarfe 10 kafin ta faɗi, isha ta doshi sha biyun dare, azahar sai bayan 2. Ka sauke jadawalin garin a waya. In Juma'a ta riske ku a Madrid, akwai babban masallacin da ake kira na M-30, an buɗe shi a 1992. Barsalona ba ta da babban masallaci irin wannan, sai ƙananan wuraren salla a Raval. Banɗakunan waje ba buta, ku riƙa yawo da ƙaramar gora. Soket ɗinsu mai ƙafa biyu zagayayyu ne, wanda ya taso daga Nijeriya ya sayi mahaɗi tun a gida.

Barsalona kyakkyawa ce, amma ta fi sauran tsada da cunkoso, ga harajin baƙi da otal ke karɓa a kan kowane dare. Cocin Sagrada Família, da aka fara a 1882 kuma mai zanen gine-gine Gaudí ya karɓi aikinsa a 1883, ta intanet kawai ake sayen tikitinsa, kuma lambun Park Güell ma da lokaci ake shiga. Katin bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa mai suna T-casual na hawa goma ne amma na mutum ɗaya, kowa ya sayi nasa. Babbar matsalar garin 'yan sane ne, a titin La Rambla, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da bakin teku. Dabarunsu sanannu ne: a watsa maka wani abu a riga wani ya zo taya ka gogewa, ko a shimfiɗa taswira a kan wayar da ka ajiye a tebur, ko a matse ka a ƙofar jirgi daidai lokacin rufewa. Aljihun gefe na kaftani shi ne mafi sauƙi a wurinsu. Fasfo da kati su zauna a jakar da ke ƙarƙashin riga, ku raba kuɗi tsakaninku, ku ajiye kwafin fasfo da biza daban. In abin ya faru, lambar gaggawa 112 ce, sai ka je ofishin 'yan sanda, waɗanda a Barsalona ake kira Mossos d'Esquadra, a rubuta maka denuncia. Ita ce takardar da ofishin jakadancin ƙasarku da kamfanin inshora za su fara nema, kuma ka ware mata rabin yini.