Akwatin Fasaha: Kyamarar tafiya ba kayan lefe ba ce

Tambaya: Malam, ina so in ɗau Hawan Daushe a Kano in wuce Yankari, abokina ya ce in sayi Canon 5D Mark IV da lensi uku. Ya ka gani? Daga wani a Jos.

Amsa: Abokin naka shi zai riƙe maka jakar? Jikin 5D Mark IV kaɗai ya kusa kilo ɗaya, ka ɗora masa lensin 70-200 f2.8 wajen kilo ɗaya da rabi, ka shiga turmutsutsun Ƙofar Kudu rana na dukanka dawakai na tada ƙura, wallahi kafin la'asar wuyanka ya sage, washegari ka bar ta a masauki ka koma ɗauka da waya, kuɗi sun tafi a banza. Ni dai na sha faɗa, ka nemi Sony a6000 ta hannu, tun 2014 ta fito amma megafiksel 24 ne da ita, da ɗan lensinta 16-50 ba ta kai rabin kilo ba, aljihun babbar riga ma ya ɗauke ta. Kuma don Allah lensi ɗaya! Masu kwance lensi a tsakiyar fili, balle lokacin hunturu, su ne ke turo min hoton sararin sama da ɗigo-ɗigo baƙi suna cewa kyamara ta lalace. Ƙura ce ta hau sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, malam, kai ka buɗe mata ƙofa. In dole ne ka canza, shiga mota, kashe kyamarar, kifa bakinta ƙasa. Aibin a6000 batir, hoto 360 ko ƙasa da haka ya mutu, sayi biyu ka ƙara. Giwayen Yankari kuwa in sun yi nisa ka haƙura ka kalle su da ido.

Tambaya: Zan tafi Umara, in sa batira da pawa bank a babban akwati? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: A'a Hajiya, jakar hannu. Batirin litiyom da ba ya cikin na'ura ba ya shiga kayan awo, kuma ki duba kar ƙarfinsa ya wuce 100Wh.

Tambaya: Na sayi memori 128GB da araha, hotuna na ɓacewa.

Amsa: Jabu ne, araha ba ta ado. Gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta ka ga ainihin cikinsa. Ni 32GB biyu nake riƙewa, kowane dare in kwashe a waya.

Tambaya: Sai na sayi abin kafa kyamara mai ƙafa uku?

Amsa: Ba katanga a garin da za ka?