Za A Rushe Tsohuwar Sinimar Garinmu

Tambaya: Malam, ana cewa za a rushe tsohuwar sinimar tsakiyar garinmu a gina shaguna. Mu ɗalibai mu fita zanga-zanga? — Ɗalibi daga jihar Sinnar

Amsa: Ɗana, abin ya taɓa ni. A Afrilun 2016 labari ya bazu cewa za a sayar da gine-ginen Jami'ar Khartum, tsohuwar Kwalejin Gordon ta 1902. Ɗalibai suka fito, aka watsa musu barkonon tsohuwa, aka kama wasu, gwamnati kuma ta musanta zancen.

Ni dai ban so ku fara da titi. Ku nemi a nuna muku takardar izinin rushewar tukuna, ku ɗauki hotunan ginin. Sannan ku ja liman, dattawa da 'yan kasuwa, ku kai koke ofishin mahalliya, wato ƙaramar hukuma, tare da su.