Ɗan Kwangila Ya Yaye Min Kwano Ya Yi Ɓatan Dabo, Ina Mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Na ba wani ɗan kwangila gyaran gidana a Fadaman Mada, Bauchi, a kan naira miliyan 4, na tura masa miliyan 3 ta banki. Ya yaye kwanon ɗakuna biyu, ya fasa bango, yau wata biyu ke nan ba ya ɗaga wayata, ga damina ta kawo kai. Ba mu yi rubutu ba. In kai shi wurin 'yan sanda?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Ka kwantar da hankalinka, rashin rubutu bai kashe haƙƙinka ba. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce a doka, wuyarta dai kafa hujja. Ka je banki ka karɓi takardar shige da ficen kuɗinka, ka adana saƙonnin WhatsApp har da na murya, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar irinsu. Wanda ya haɗa ku, da leburorin da suka yi aikin, duk shaidu ne.

Abin da na fi jin tsoro shi ne gaggawa. Mutum ya ga hadari ya haɗo, sai ya kira wani magini, kafin mako guda an shafe duk alamar inda na farko ya tsaya. Kada ka yi haka. Ka fara ɗaukar hoto da bidiyo, ɗaki-ɗaki, ka ƙirga buhunan siminti da bandir ɗin kwanon da suka rage. Sannan ka kawo ƙwararren mai ƙiyasin gini ya rubuta darajar aikin da aka yi da abin da ƙarasawa za ta ci. Kafin nan ka rufe saman da tamfol, ka riƙe rasit, saboda doka ba ta yarda ka zuba ido ɓarna ta ƙaru sannan ka ɗora masa duka ba.

Ga yadda lissafin yake. A ce ƙarasa aikin yanzu zai ci miliyan 3.2. Saura miliyan 1 dama ke hannunka, to asararka miliyan 2.2 ce, ita za ka nema, haɗe da ɓarnar da ruwa ya yi. Shi ma ana lissafa masa guminsa, ba za a ce ya dawo da duka kuɗin ba.

Daga nan lauya ya rubuta masa takarda, a ba shi wa'adi, misali kwana 14: ko ya dawo bakin aiki, ko ka ɗauka ya karya alƙawari. Idan da mai unguwa ko dattijon da yake jin nauyinsa, a gwada sulhu, na ga inda zama ɗaya a zaure ya fi shekara a kotu amfani. Amma duk abin da aka cimma a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu.

Batun 'yan sanda kuwa, ofishinsu ba wurin karɓar bashi ba ne. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma in ka sa aka tsare shi, yana iya juyowa ya yi ƙararka kan tauye masa 'yanci. Sai fa in akwai alamar zamba tun farko, kamar ya ba ka sunan kamfanin bogi, ko ya kwashe kayan da ka saya ya sayar. Wannan laifi ne, kai rahoto daidai ne.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Yawan kuɗin ne zai nuna ko kotun gunduma ce ko Babbar Kotun Jiha, kuma idan dukkanku Musulmi ne, Kotun Shari'a ma tana sauraron irin wannan. Kada ka ja lokaci, ƙarar kwangila tana da wa'adin shigarwa. Baro da shebur da ya bari a gidanka kuma, ka rubuta su ka ajiye, kada ka sayar da ko ɗaya.