Virago na hannu: kada ƙarancin kilomita ya ruɗe ka

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a Tawa, shekara uku ke nan ina zubin adashi don in sayi babban babur. Wani ɗan'uwana a Yamai ya gano mini Yamaha Virago 535 shigowar Turai. Mai shi ya ce kilomita 9,000 kacal ya yi, ya daɗe a ajiye cikin gareji, tayoyinsa ma na asali ne, zanensu bai goge ba. Amma abokai sun tsorata ni, wai kamfani ya daina ƙera shi, ranar da wani abu ya lalace sai dai in jingine shi a zaure. Wallahi hankalina ya kasu biyu. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, abin da abokanka suka tsorata ka da shi mai sauƙi ne. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wanda kai ka lissafa cikin alheran babur ɗin.

Gaskiya ne Yamaha ta daina ƙera wannan samfuri, wani samfurinta mai suna DragStar 650, wanda ya fito a 1997, shi ya gaje shi. Amma ta shekara fiye da goma tana fitar da shi, an sayar da shi da yawa a Turai, don haka har yau wasu kamfanoni na yin kayan gyaransa. Farashinsa ya gama faɗuwa, in ka riƙe shi da kyau ba za ka yi asara mai yawa ba ranar sayarwa. Kabureta gare shi, babu kwamfutar da za ta kulle maka inji a daji. Kardan, wato sandar ƙarfe mai juyawa daga inji, shi ke juya ƙafar baya, ba sarƙa ba, kuma duk wanda ya san yadda rairayin Tawa ke cin sarƙa ya san darajar wannan. Ga sirdi ƙasa-ƙasa, ƙafa biyu na taka ƙasa. Wahalarsa ita ce jira: abin da mai ƙaramin babur ɗan Sin zai saya a bakin titi cikin minti biyar, kai sai ka yi oda ka jira makonni. Tayar baya inci 15 ce, 140/90-15, ba ko'ina ake samunta ba. Ba shi da abin tayarwa na ƙafa, batir ya mutu ka tsaya. Cikinsa kuma kusa da ƙasa yake, babur ɗin kwalta ne, ba na hanyar ƙauye ba.

To mu zo kan kilomita 9,000 ɗin nan. Kusan kullum sai wani ya shigo garejina yana murna ya samu babur da "bai yi aiki ba". Na gaji da faɗa: zama ya fi tafiya kashe babur. Wanda ake hawa kullum ana canja masa mai, ana canja taya, ana jin kukansa in wani abu ya taɓu. Wanda aka rufe da bargo shekara goma ba wanda ya duba shi, kuma duk wani abu na roba a jikinsa yana ta bushewa. Fetur ɗin da aka bari ciki ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan kabureta. Tanki ya yi tsatsa daga ciki, fenti na ƙyalli daga waje. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu, Yamaha da kanta ta ce tiyon birki a canja shi duk shekara huɗu. Man da ya sha ruwa, in birki ya yi zafi sai ya tafasa, ka damƙe hannu ka ji ya tafi har ƙarshe babu kamu.

Sai taya, wadda ita ce ke kashe mutane. Dillali zai kama hannunka ya ɗora kan zanen ya ce ji, ko gashinta bai kakkaɓe ba. Zane ba ya faɗin shekaru. Duba gefen tayar, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2314, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2014. In lambobi uku ka gani, kafin 2000 aka yi ta, ko kyauta aka ba ka kada ka hau. Masu ƙera taya da kansu sun ce bayan shekara biyar a riƙa dubawa kowace shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta na nan. Tayar da aka ce maka "ta asali" ta wuce shekara ashirin. Danna ta da farce, za ka ji ta kamar busasshiyar fata, ka lanƙwasa gefenta ka ga ƙananan tsagu kamar ƙasar tafki da rani.

Da idona na ga wannan. Wani yaro ya kawo mini babur irin wannan, na ce a cire tayoyin kafin ya kama hanya. Wani mai gyara a unguwarsu ya shafa musu baƙin mai suka yi sheƙi, ya ce masa kuɗinsa kawai nake so. Watan Afrilu ne, kwalta na tiriri. Bai kai Doso ba ta gaba ta fashe. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau da sanda yake tafiya. Masu irin wannan aiki ba makanikai ba ne, kuma alhakin jinin mutane na wuyansu. Kai kuma daga Yamai zuwa Tawa ta Dogon Dutsi da Ƙonni tafiyar fiye da kilomita 500 ce ke gabanka, cikin zafin da ke wuce digiri 40, kan babur mai nauyin kusan kilo 180. Su kansu kilomita 9,000 ɗin ma kada ka yarda da su ido rufe, don agogon kilomitan ana iya mayar da shi baya ko a sauya shi. Dubi robar matakin ƙafa da faifan birki: in sun cinye alhali agogo na cewa 9,000, ƙarya ake maka.

Ka je Yamai da kanka, da makanikin da kai ka zaɓa, ba na mai sayarwa ba. Ka je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbata da sanyinsa kafin a tayar, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibi. Haska tocila cikin tanki. A auna wutar batir inji na aiki, ta kasance wajen volt 14. Lambar da ke jikin ƙarfen babur ta dace da ta takardar duwan da ta mallaka harafi da harafi, in an ce "za a gyara takardu daga baya" tashi ka tafi, don na ga waɗanda suka yi watanni suna zarya tsakanin ofisoshi babur na kulle. Wajen baƙin mai kuma nemi mai alamar JASO MA, domin kulocin babur cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota na sa shi santsi.

In ya tsallake waɗannan, saya. Amma kuɗin tayoyi biyu, tiyo da man birki, batir da wankin kabureta, ka cire su daga farashin tun wajen ciniki. In tayoyin ba su iso ba, ɗora shi a mota zuwa Tawa, kada ka hau shi.