Ƙaramar Tarakta Don Sharar Ciyawa: In Sayi Ta Gwanjo Ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da lambun mangwaro da gwaiba hekta 4 a wajen Kaduna, duk damina gamba da kyasuwa sai sun fi ni tsawo, kuɗin 'yan adda ya isheni, ga macizai, ga tsoron gobara in hunturu ya shigo. Wani dila ya nuna min ƙaramar tarakta 'yar Japan ta gwanjo mai ƙarfin doki 18, zai haɗa min da silasha, wato injin sharar ciyawa da ake ɗaurawa a bayan tarakta, mai faɗin ƙafa 5. Na ga shaf ɗin da ke juya silashar tsirara yake babu robar nan da ke rufe shi, ya ce ai ado ce kawai. Kuɗin da na tara ne na sallama daga aiki, wallahi tsoro nake ji kar in zuba su a rijiya. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoronka yana kan hanya, kar ka biya tukuna.

Tarakta da silashar nan ba su dace da juna ba. Lissafin da muke yi shi ne kowace ƙafa ɗaya ta faɗin silasha tana son wajen doki 5 a bakin PTO, wato ƙarfen bayan tarakta da ke juya shaf ɗin silashar, ba a inji ba, kuma abin da ke isowa PTO kullum bai kai na injin ba. In 18 ɗin nan na inji ne to abin da zai kai ga wuƙaƙe bai wuce 15 ba, wato ƙafa 3, in an matsa mata 4 a ciyawa mai laushi. Ƙafa 5 a cikin gamba ta watan Satumba tana son doki 25 a PTO, ka ga kenan tarakta mai 30 zuwa 35 kake nema. In ka ɗaura mata abin da ya fi ƙarfinta za ka ga tana baƙin hayaƙi, lagireto na tafasa, kuma in ka ɗaga silashar gaban taraktar sai ya yi sama sitiyari ya daina jin magana.

Sannan irin waɗannan 'yan Japan ɗin, su Kubota da Yanmar da Iseki, injinansu ba laifi gaskiya, amma da yawansu an ƙera su ne don fadamar shinkafa ta can gida, ba don a fitar waje ba. Shi ya sa za ka gan su 'yan siriri da taya mai dogayen haƙora, wasu ma maƙalin bayansu na injin farfasa ƙasa ne kawai, ba mai hannu uku da silasha ke buƙata ba. Ka leƙa bayanta da kanka: hannu uku ne? Bakin PTO haƙora 6 ne? Akwai giyar da ke juya shi sau 540 a minti? Ta wane ɓangare yake juyawa, don akwai tsofaffin da ke juyawa a baibai. Kuma kafin ka ba da ko sisi ka rubuta lambar samfurin ka shiga Panteka ko ka kira wani a Ƙofar Ruwa a Kano ka ce kana neman filta da fanfon ruwa da faifan kuloci nata. In aka fara ce maka "sai an yi oda", ka riga ka samu amsa. Massey Ferguson ko 'yan Indiya irin su Mahindra sun fi sauƙin kayan gyara da bakanike a ƙasar nan, ko da sun ɗan fi girma.

To yanzu maganar robar da aka ce ado ce. Alhaji wannan magana kusan kullum sai na ji ta kuma kullum sai raina ya ɓaci, don ba dila kaɗai ba, har direbobi da bakanikai sun ɗauka ƙaramar tarakta abin wasa ce, wai ai ba babba ba ce. Shaf ɗin ƙaramar da na babbar gudunsu ɗaya ne, 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. A wannan gudun yana naɗe yadi kusan mita 2 a daƙiƙa ɗaya, babu wani zafin nama da zai cece ka, kuma inji mai doki 15 ba zai ko canza murya ba don ya kama hannun mutum. Yanzu dubi yadda muke zuwa gona: kaftani mai faɗin hannu, babbar riga in an biyo daga ɗaurin aure a ce bari a leƙa lambu, rawanin da direba ya rufe hanci saboda ƙura jelarsa na reto, mazagin wando. Duk abincin shaf ne. Mutum zai sauko ya bar inji na aiki wai zai cire igiya ko ciyawar da ta naɗe, ko ya tsallake shaf ɗin don ya ƙi zagayawa, shikenan. Robar nan an yi ta ne ta tsaya cik yayin da ƙarfen ke juyawa a cikinta, shi ya sa take da 'yar sarƙa da ake maƙalewa a jikin tarakta. Direbobi da bakanikai kuma suna cire ta ne don wai tana hana su sa giris da sauri. Saboda minti biyu na giris!

Ba su tsaya nan ba fa. A inda shaf ya haɗu da giyar silasha akwai wani bol mai laushi da aka sa da gangan don ya karye in wuƙa ta daki kututture ko suri, kamar fiyus a wutar gida. Ya karye sau biyu sai bakaniken bakin hanya ya ce "Alhaji bari in maka maganinsa gaba ɗaya", ya yanko rodi ya zura ko ya kira mai walda ya like wurin. Eh, ba zai sake karyewa ba. Abin da zai karye shi ne giyar silashar ko haƙoran cikin taraktar, bol na kuɗi kaɗan ya koma gyaran da zai ajiye ta damina guda. Ka sayi irin bol ɗin da yawa ka zuba a akwatin kayan aiki, kuma ka gaya wa direbanka duk ranar da ka ga rodi a wurin aikinsa ya ƙare.

Akwai kuma wata matsala ta tsofaffin ƙananan taraktoci da PTO ɗinsu ke haɗe da giya: ka taka kuloci amma wuƙaƙen da ke juyawa su ci gaba da tura taraktar gaba, birki bai riƙe ta, sai ka ji ka a jikin mangwaro ko cikin rami. Ana saida wani ɗan ƙarfe da ake sawa a bakin PTO wanda ke barin shaf ya ƙarasa juyinsa shi kaɗai, ka tambaya. Haka ƙarfen kariya na saman kujera da bel, 'yan gwanjon nan yawanci ba su da shi, tunda kana shiga ƙarƙashin rassa ka nemi mai naɗewa. Yara kuma, babu hawa madigadi, babu tsayawa kallo, bakin wuƙar nan yana gudun kilomita 200 a awa ko fiye, dutse ko guntun waya in ya fito ba ya zaɓe.

Abu ɗaya da ban ji ka faɗa ba, me za ka yi da ciyawar? Silasha dagargaza ta take ta bar maka a ƙasa ta ruɓe, ga lambu hakan ma taki ne. In kuwa kana son ka busar ka ɗaure wa dabbobi to ba silasha kake nema ba, mai yanka daga tushe ta kwantar da ita ɗungurungum ake sa wa, a wannan kam ka je cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ka ga yadda suke yi.

Kuma ka zauna da biro. Silasha ƙafa 5 a tafiyar kilomita 5 a awa tana cin wajen rabin hekta zuwa sama kaɗan a awa in an cire juyawa da kauce wa bishiyoyi, hekta 4 ɗinka aikin yini guda ne. Ko sau huɗu ka yanka a damina kwana huɗu kenan a shekara, sauran lokacin tana zaune batir na mutuwa, ɓeraye na cin waya. In ba ka da niyyar yin haro da jan tirela da ba maƙwabta haya da ita, ni a ganina ka yi hayar tarakta a damina mai zuwa, ka tsaya a gefe nesa ka ga wace ce ke wucewa tsakanin layukan mangwaronka ba ta karya reshe, ka auna faɗinta da tef, sannan ka koma wurin dilan da wannan awon a aljihu.