Amsa: Me ya sa 'yan wasan kwaikwayon Jamus na da suke motsi haka?

Malam, ka tambaya ko rashin iya wasa ne ya sa mutanen cikin fim ɗin Caligari na 1920 suke zare ido, suna tafiya a karkace cikin ɗakuna masu karkatattun bango. Ba haka ba ne, da gangan ake yi, kuma daga dandamalin wasan kwaikwayo salon ya fito.

A shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya da bayansa, marubuta irin su Georg Kaiser da Ernst Toller sun gaji da wasan da ke kwaikwayon falo da kujeru kamar na gida. Abin da ke cin zuciyar mutum suke son a gani a fili. Shi ya sa sau da yawa ba sa ba jarumi suna, sai dai Uba, ko Ɗa, ko Mai Kuɗi. Magana a yayyanke take fita, wani lokaci ihu ne zalla. Haske kuma kan fuska ɗaya ake haska shi, sauran wuri duhu.

Wanda ya fi burge ni shi ne Leopold Jessner, mai ba da umarnin wasan kwaikwayo a Balin. A 1919 ya kawar da zanen duwatsu a wasan Wilhelm Tell, ya kafa matakala a tsakiyar dandamali, har 'yan kallo suka yi ta hayaniya. A 1920, cikin wasan Richard III da Jessner ya shirya, ɗan wasa Fritz Kortner ya hau matakala ja jawur sanye da jan alkyabba zuwa karagar mulki, jama'a na ƙasa. Ba a zuba jini ko ɗigo ba, amma kowa ya gane ta kan gawa ya hau.